ƘWAYOYIN HALITTA MASU KAMFAS DA TARIHIN DA SUKA BARI A GINDIN TEKU

Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne wata halitta ƙanƙanuwa wadda ido ba ya iya gani, amma duk da ƙanƙantarta ta ajiye wa masana labarin abin da ya sami duniyarmu tun shekaru miliyoyi da suka wuce. Wannan halitta wata ƙwaya ce daga cikin dangin da ake kira bakteriya. Da yawa daga cikinmu in an ce bakteriya sai tunaninmu ya tafi ga cuta, kamar tarin fuka ko kwalara. To, ba duka ba ne masu sa cuta. Wadda za mu yi magana a kanta cikin laka take zamanta, a gindin tafki ko kogi ko teku, kuma abin mamakinta shi ne tana ƙera ɗan kamfas a cikin jikinta. Idan ta mutu jikin ya ruɓe, kamfas ɗin yakan saura cikin laka yana nuna inda arewa take a zamanin da aka binne shi. Hausawa sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce, kuma ina fata kafin ku kai ƙarshen wannan bayani za ku ga gaskiyar maganar.

Duniya Babban Maganaɗisu Ce

Kowa ya san maganaɗisu, wanda waɗansu ke kira mayen ƙarfe. Yara sukan ciro shi daga tsohuwar lasifikar rediyo su yi ta jan ƙusoshi da shi. Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, ɗaya na arewa ɗaya na kudu. Allurar kamfas, wadda matafiya da masu safiyo da masu neman alƙibla suke aiki da ita, ita ma ɗan maganaɗisu ce da aka ɗora bisa tsinke yadda za ta iya juyawa. Dalilin da ya sa take tsayawa tana nuna arewa shi ne ita kanta duniya babban maganaɗisu ce. A can cikinta, daga zurfin kilomita 2,900, akwai narkakken baƙin ƙarfe mai tsananin zafi wanda yake motsi kullum, kuma wannan motsi shi ne yake haifar da ƙarfin maganaɗisun da ya kewaye duniya.

Ba nuna hanya kaɗai ne amfanin wannan ƙarfi ba. Yana zama garkuwa, yana tare wani feshi mai lantarki da rana take turowa, wanda yake iya lalata taurarin ɗan Adam da manyan layukan wutar lantarki. Ga shi kuwa awon masana ya nuna cewa cikin shekara 200 da suka wuce wannan ƙarfi ya ragu da wajen kashi 9 cikin 100. Saboda haka sanin halinsa a da ya zama dole, don a gane ko irin wannan raguwa abin tsoro ce ko kuwa al'adarsa ce.

A shekarar 1906 wani Bafaranshe mai suna Bernard Brunhes ya auna wani tsohon dutse da aman wuta ya bari a ƙasarsu, sai ya ga maganaɗisun da ke cikinsa yana fuskantar kudu maimakon arewa. A 1929 kuma Motonori Matuyama na ƙasar Japan ya nuna cewa duwatsu masu irin wannan hali sun girmi waɗanda suke fuskantar arewa. Yanzu an tabbata maganaɗisun duniya ya juya sau ɗaruruwa, watau kansa na arewa ya koma kudu, na kudu ya koma arewa, kuma juyin ƙarshe ya auku kimanin shekara 780,000 da suka wuce. A nan sai a lura, ba duniya ce take kifewa ba, kuma rana ba ta sake mafita. Abin da ke sakewa shi ne inda allurar kamfas za ta nuna.

Duwatsun aman wuta suna riƙe da labarin ranar da suka daskare ne kawai, kuma dutse yakan yi dubban shekaru bai yi aman wuta ba. Wanda yake son labari a jere ba giɓi, sai ya nufi gindin teku, inda laka take kwanciya a hankali dare da rana. A nan ne ƙwayoyinmu suka shigo cikin magana.

Yadda Aka Gano Ƙwayoyin

A shekarar 1963 wani likita a Jami'ar Pavia ta ƙasar Italiya, Salvatore Bellini, ya ga waɗansu ƙwayoyi cikin ɗigon ruwa suna iyo kullum zuwa arewa, ya rubuta abin da ya gani, amma rubutun bai yaɗu ba. Sai a 1975 wani ɗalibi Ba'amurke, Richard Blakemore, ya ɗebo laka daga Woods Hole a gaɓar Tekun Atlantika, ya duba ta da madubin ganin ƙwayoyi, watau maikiroskof. Ya ga waɗansu suna taruwa a gefe ɗaya na ɗigon ruwan. Ya sake wa madubin wuri, ya kare haske, ba su sake hanya ba. Da ya kawo maganaɗisu kusa ya juya shi, sai duk suka juya tare.

Da aka duba cikinsu da madubi mai aiki da lantarki, wanda ya fi na makaranta ƙarfi nesa ba kusa ba, sai aka ga 'yan duwatsu baƙaƙe a jere kamar tsakiya a zare, galibi 10 zuwa 20 cikin ƙwaya guda. A 1979 Richard Frankel da abokan aikinsa suka tabbatar cewa 'yan duwatsun nan magnatait ne, watau wata irin tama baƙa wadda ta ƙunshi ƙarfe da iskar oksijin, kuma ita kanta maganaɗisu ce. Daga baya an sami waɗansu ƙwayoyin da ke ƙera nasu da ƙarfe da farar wuta.

Girman kowane ɗan dutse yakan kama daga nanomita 35 zuwa 120. Nanomita kuwa ita ce kashi ɗaya in an raba milimita gida miliyan. Watau idan ɗan dutsen nanomita 50 ne, sai an jera 20,000 kafin su cika milimita ɗaya a kan rula. Wannan girma ba a banza yake ba. In ɗan dutsen ya gaza haka, zafi yakan sa maganaɗisunsa ya yi ta rawa, ba ya tsayawa wuri ɗaya. In kuma ya wuce haka da yawa, sai cikinsa ya rabu kashi-kashi, kowane kashi yana jan nasa gefe, kamar shanun noma da aka ɗaura wa garma kowane ya nufi inda ya ga dama. Tsakanin nan ne ɗan dutse yake zama maganaɗisu guda mai ƙarfi mai riƙo, kuma daidai nan ne ƙwayar take tsayar da nata.

Ina Amfanin Kamfas Ga Ƙwaya?

Waɗannan ƙwayoyi ba su son iskar oksijin mai yawa, yawancinsu kuma ba su son inda babu ita sam. Wurin da ya dace da su ɗan siriri ne, kusa da inda ruwa ya sadu da laka ko ɗan ƙasa da nan. In wani abu ya dama lakar ya watsa su sama, dole su nemi hanyar komawa, ga shi kuwa sun yi rashin nauyin da za su nutse da sauri.

To, ƙarfin maganaɗisun duniya ba a kwance yake ko'ina ba. A ƙasashen arewa kamar Ingila, in aka rataye allura yadda za ta iya sunkuyawa, kanta na arewa yakan sunkuya ƙasa fiye da digiri 60. Saboda haka ƙwayar da ta bi arewa a can, ƙasa ta nufa. Sarƙar 'yan duwatsun ce take juya jikin ƙwayar ya daidaita da layin, ko tana da rai ko ta mutu, sa'an nan ita kuma ta kaɗa 'yar wutsiyarta ta yi iyo. A kudancin duniya abin a juye yake, shi ya sa a 1980 da aka bincika laka a ƙasar New Zealand sai aka tarar ƙwayoyin can kudu suke bi.

Tsakanin arewa da kudu akwai wani layi da ya zagaye duniya inda allura ba ta sunkuyawa, a kwance take tsayawa. Ana kiransa ikwaitar maganaɗisu, kuma dabam yake da ikwaitar da muke gani a taswira. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne wannan layi ya ratsa ta arewacin Nijeriya, ba nisa da ƙasar Zazzau. Watau mu a nan Janfalan da sauran garuruwan Ikara da Maƙarfi da Kudan muna zaune ne kusa da shi. Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya yi suna a duniya saboda nazarin maganaɗisun wannan yanki. A 1981 Frankel da waɗansu masana suka je Fortaleza ta ƙasar Barazil, wadda a lokacin take kusa da wannan layi, suka tarar masu bin arewa da masu bin kudu suna zaune tare cikin laka ɗaya, yawansu kusan daidai, tun da a can babu wadda hanyarta ta fi kai ta ƙasa.

Yadda Laka Take Kwanciya A Teku

Lakar gindin teku daga wurare uku take samuwa. Na farko, abin da koguna suke kwasowa daga tudu, kamar yadda Kogin Kwara yake zuba tasa a Tekun Atlantika. Na biyu, ɓawon ƙananan halittun ruwa da suke mutuwa suna zuba ƙasa, wanda yakan zama farar laka mai kama da alli. Na uku kuwa ƙurar da iska take ɗaukowa. Wannan ta ƙarshe mun san ta sarai, domin ita ce take rufe mana sama da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Babban tushenta shi ne kwarin Bodele a ƙasar Cadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe. A 2015 masana na hukumar NASA ta Amurka suka ƙiyasta cewa ƙura wajen tan miliyan 182 take barin Afirka ta Yamma ta bi ta saman Atlantika kowace shekara, kuma kaso mai yawa cikin ruwa yake faɗawa.

A tsakiyar teku, nesa da gaɓa, wannan kwanciya a hankali take ƙwarai. Farar laka takan yi santimita 1 zuwa 3 cikin shekara 1,000, jar laka kuwa a waɗansu wurare da ƙyar take yin milimita ɗaya ko biyu. Cikin ƙura da lakar kogi akwai 'yan ɓarɓashin tama. Sa'ad da suka sauka, saman lakar ruwa-ruwa ne, saboda haka suna iya juyawa kamar allurar kamfas. Da sabuwar laka ta hau kansu ta danne, ruwa ya matse ya fita, sai su kafe yadda suke. Ba dukansu ne suke daidaita ba, kaɗan ne daga ciki, amma wannan kaɗan ya isa na'ura mai kaifi ta auna.

Burbushin Ƙwayoyin

Da farko masana sun ɗauka ɓarɓashin da ya zo daga tudu shi kaɗai ne yake riƙe da wannan labari. A 1984 Joseph Kirschvink da Shih-Bin Chang na Amurka suka ce sun ga 'yan duwatsu cikin lakar teku masu kama da na ƙwayoyin Blakemore. A 1986 kuma masana uku da ke aiki a birnin Munich na Jamus, Petersen da von Dobeneck da Vali, suka ciro irinsu daga lakar da aka haƙo a Tekun Atlantika ta kudu, daura da ƙasar Angola, waɗansu har suna nan a jere cikin sarƙarsu bayan shekaru miliyoyi. Irin wannan saura na halittar da ta daɗe da mutuwa shi ake kira burbushi. Tun daga nan aka yi ta samunsu a tekuna dabam-dabam, har aka gane cewa a farar lakar tsakiyar teku, inda abin tudu bai cika isa ba, sau da yawa su ne suke ɗauke da mafi yawan maganaɗisun da ake aunawa.

Yaya ake bambanta su da ɓarɓashin tudu? Da alamu huɗu. Girmansu kusan ɗaya ne, kamar an tankaɗe su da rariya. Siffarsu tsararriya ce, waɗansu kamar ƙwayar sukari mai kusurwa, waɗansu dogaye, waɗansu kamar harsashi ko haƙori. Tamarsu tsabtatacciya ce, ba gauraye da waɗansu ƙarafa kamar ta dutse ba. Sa'an nan ga jeruwa cikin sarƙa. Dole a haɗa alamun nan kafin a yanke hukunci. A 1996 masana na NASA sun ce sun ga irin waɗannan 'yan duwatsu cikin wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mars, wanda aka tsinta a Antatika a 1984, suka ce wataƙila alamar rai ce. Daga baya waɗansu suka nuna cewa zafi kaɗai yana iya haifar da masu kama da su, kuma yawancin masana ba su karɓi maganar farko ba.

Burbushin yana da wani amfani bayan nuna arewa. Yawansa da siffarsa suna ba da labarin halin da teku yake ciki, domin ƙwayoyin suna bukatar abinci da ƙarfe da iska daidai gwargwado. A 2011 Andrew Roberts da abokan aikinsa suka bincika tsohuwar laka daga kudancin Tekun Indiya, suka ga a zamanin da ƙura ta yawaita burbushin ma ya yawaita. Dalili kuwa ƙura tana kai wa ruwa ƙarfe, ƙarfe ya zama taki ga ƙananan tsiron teku, su kuma in sun mutu su zama abincin ƙwayoyin da ke ƙasa. Ashe ke nan irin ƙurar da take tsattsage mana leɓe da hunturu abinci ce ga waɗansu a can gindin ruwa.

Yadda Ake Karanta Lakar

Ana amfani da jiragen ruwa masu injin haƙa. Jirgin Glomar Challenger ya yi wannan aiki daga 1968 zuwa 1983, sa'an nan JOIDES Resolution ya karɓa daga 1985 zuwa 2024, kuma a 1995 ya yi haƙa daura da gaɓar Gana da Kwaddibuwa. Sukan tura bututu cikin laka su ciro ta doguwa kamar sandar rake, kowane yanki wajen mita 9 da rabi. Samanta shi ne sabo, gindinta shi ne tsoho. Sai a bi ta gaɓa-gaɓa da na'ura ana auna inda maganaɗisunta ya fuskanta da kuma ƙarfinsa.

Ga misali da lissafi. A ce an ciro sandar laka, aka tarar daga sama har zurfin santimita 780 tana nuna arewa, daga nan kuma ta juya kudu. Tun da an san juyin ƙarshe ya yi shekara 780,000, sai a raba, a ga lakar wurin tana kwanciya santimita ɗaya cikin shekara 1,000. Da wannan, duk abin da aka samu cikin sandar, ko ɓawon halitta ko ƙura ko tokar aman wuta, ana iya ƙiyasta shekarunsa. Kuma tun da juyin ya shafi duniya duka a lokaci ɗaya, ana iya gwama sandar da aka ciro a Atlantika da wadda aka ciro a Tekun Fasifik. Ta haka ne ake sa wa tarihin yanayi kwanan wata, a san lokacin da Sahara ta yi kore da lokacin da ta bushe. Ta haka ne kuma aka ga cewa ƙarfin maganaɗisun duniya ya sha raguwa ya dawo ba tare da ya juya ba. Kimanin shekara 41,000 da suka wuce ma ya yi rauni ƙwarai, ya karkace na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma yadda yake.

Abubuwan Da Ke Ɓata Rubutun

Kada a ɗauka karatun nan yana da sauƙi. Matsala ta farko ita ce narkewa. Inda ruɓaɓɓen abu ya yi yawa cikin laka, oksijin yakan ƙare, sai waɗansu ƙwayoyin dabam su riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, irin wadda muke ji in aka tona baƙar lakar kududdufi. Wannan iska tana cinye magnatait, kuma ƙanana ne suke fara tafiya, kamar yadda garin gishiri yake riga dunƙulensa narkewa. A 2006 masana na Jami'ar Bremen ta Jamus suka bincika lakar zurfin teku daura da bakin Kogin Kwara, suka tarar da an ɗan nutsa ƙasa da saman lakar sai yawan tamar ya faɗi ƙwarai, manyan ɓarɓashi ne suka fi saura.

Matsala ta biyu ita ce lokaci. Ƙwayoyin ba a saman laka kaɗai suke zaune ba, sukan nutsa ciki. Wadda take zaune cikin lakar da ta kwanta shekara 3,000 da suka wuce, arewar yau za ta nuna, ba ta wancan zamani ba. Ga kuma tsutsotsin teku da ke dama lakar kafin ta kafe. Matsala ta uku ita ce awon ƙarfi. Wani bincike na 2014 a tekun kudancin ƙasar Sin ya nuna burbushin ƙwayoyi ya fi ɓarɓashin tudu riƙe maganaɗisu sau 2 zuwa 4, amma waɗansu masana na Japan da suka auna lakar Fasifik sun sami akasin haka. Abin da duka suka yarda da shi shi ne, wanda bai fara rarrabe na ƙwaya da na tudu ba, yana iya ɗaukar sauyin yawan ƙwayoyi a matsayin sauyin ƙarfin maganaɗisun duniya, ya yi kuskure babba.

Teku Ya Taɓa Zuwa Sakkwato

Wani zai ce, mu da muke nesa da teku ina ruwanmu? Gaskiya ne ƙasarmu ta Zazzau tana bisa tsofaffin duwatsu ne masu tauri, irin na Kufena a Zariya, waɗanda suka haura shekara miliyan 500, da jar marmara a kansu, wadda tsatsar ƙarfe ce ta ba ta launinta. Amma ba haka ƙasar Sakkwato take ba. Tsakanin shekara miliyan 70 da miliyan 55 da suka wuce, teku ya shigo ta Sahara fiye da sau ɗaya ya rufe wannan yanki. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi lakar gindin wannan teku ce ta daskare. A Dange da Wurno akwai duwatsun laka na wancan zamani, a wajen Goronyo kuma an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa wanda masana suka sa wa suna Goronyosaurus don tunawa da garin.

Duwatsu irin waɗannan, masu kusan waɗannan shekaru, su ne aka sami burbushin ƙwayoyinmu a cikinsu a waɗansu ƙasashe. An same shi cikin dutsen alli na kudancin Ingila. An kuma same shi jingim a jihar New Jersey ta Amurka, cikin lakar da ta kwanta shekara miliyan 56 da suka wuce, lokacin da duniya ta yi wani zafi na ba-zata, awon zafinta ya hau da digiri 5 ko fiye. A 2008 ma an ga waɗansu manya a can masu siffar kan mashi da mazari, waɗanda suka fi na bakteriya girma sau da yawa. Saboda haka duk wanda ya karanci ilmin duwatsu a cikinmu, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a wata, ba sai ya hau jirgin ruwa ba kafin ya taɓa gindin teku da hannunsa.

Gwajin Da Za A Iya Yi A Makaranta

Gwaji na farko mai sauƙi ne. A sa maganaɗisu cikin leda a ja shi cikin busasshen yashin rafi. Za a ga baƙin gari ya manne. Irin wannan ɓarɓashi ne kogi yake kai wa teku.

Gwaji na biyu yana bukatar izinin malamin kimiyya. A ɗebo laka da ruwanta daga bakin tafki ko fadama, a yi amfani da ludayi mai dogon hannu, kada a shiga ruwan saboda tsargiya, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama. A zuba cikin kwalba mai faɗin baki, laka kashi ɗaya ruwa kashi biyu, a rufe sako-sako a ajiye a inuwa kamar mako ɗaya ko biyu. Sa'an nan a manna maganaɗisu a jikin kwalbar, ɗan sama da inda laka ta tsaya, a bar shi kamar awa ɗaya. A tsotso ɗigon ruwa daga daidai wurin da 'yar roba mai ɗiga magani, a ɗiga bisa gilashi, a duba gefen ɗigon da maikiroskof a babban ƙarfinsa, da maganaɗisu a kusa. In an dace za a ga 'yan ɗigo-ɗigo sun taru a gefe ɗaya, da an juya maganaɗisun kuma sai su juya. A gwada da kan arewa, a sake gwadawa da kan kudu, a rubuta abin da aka gani, tun da mun ce muna kusa da ikwaitar maganaɗisu. In ba a samu a kwalbar farko ba, a sake ɗebowa daga wani wuri. Allura cikin ruwa ce, mai rabo ka ɗauka.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga duniya maganaɗisu ce wadda kanta yake juyawa bayan dubban ɗaruruwan shekaru, mun ga lakar teku tana riƙe da wannan tarihi a jere, mun kuma ga cewa babban rabo na rubutun ƙwayoyi ne suka yi shi da 'yan duwatsun da suka ƙera don neman wurin zama. Mun ga har ila yau cewa ba a karanta shi da gaggawa, sai an san wanda ya yi rubutun da abin da ya goge wani sashe nasa. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai mu riƙe darussan kimiyya da lissafi da kyau, domin wannan aiki ya haɗa ilmin halittu da na sinadarai da na duwatsu wuri ɗaya. Iyayenmu kuma muna roƙonku, in kun ga yaro ya shigo gida da kwalbar laka da tsohon maganaɗisu, ku tambaye shi abin da yake nema kafin ku zubar. Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa, sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.